Kawu, Mai Komawa Ɗauko Na Baya

Na Allah ne mu, kuma wurinsa ake tafiya, wani da wuri wani a makare. Kawu, yayan mahaifiyata, ya tafi da hantsi a gidansa na unguwar Nuzla a Jidda, yana jingine da bango, matarsa da muke kira Inna tana fifita masa shayi. Ta ce juyowa kawai ta yi ta miƙa masa kofi, sai ta ga hannun bai taso ya karɓa ba.

Kafin azahar lungun ya cika. An jera kujeru, an kawo gahawa da dabino, maza a waje mata a ciki. Sai dai babu gawa a gidan. Motar asibiti ta ɗauke ta, aka sa ta a tallaja, wato ɗakin sanyin da ake ajiye mamata, aka ce ba za a ba mu ba sai takardar izinin binnewa ta fito. Takardar nan kuwa ba ta fitowa cikin sauƙi ga mutumin da iƙamarsa, wato takardar izinin zama a ƙasar, ta riga shi mutuwa da shekaru. Duk wanda ya daɗe a Jidda ya ji labarin gawar da ta zauna a sanyi har dangi suka gaji da zarya, daga baya aka binne ta a can wani gefe babu ko mutum ɗaya da ya san ta. Wannan fargabar ce ta hana mu yin kuka yadda ya kamata.

Duk wanda ya shiga ya ce, "Inna, ya haƙuri?" sai ta amsa masa da tambaya.

"Takardar ta fito?"

Har waɗanda suka zo daga unguwar Khumra, da ba su san me ake ciki ba, sai da ta tambaye su. Da na durƙusa gabanta ta riƙe hannuna ta ce, "Kusa da tsohuwarsa yake so, ka sani. Bai roƙi gida ba, bai roƙi mota ba. Wannan kaɗai ya roƙa."

Ƙanena ne ya ɗauki zaryar ofisoshi, da sandarsa da gwiwoyinsa da suka daina jin magana. Na ce ya bar wa yara masu jini a jika. Ya harare ni ya fita.

Mu da muka rage muka zauna muna kallon bakin lungu. Wata tsohuwa maƙwabciya, wadda ta yi rayuwarta tana sayar da gyaɗa a tire, ta leƙo ta ƙofa tana share hawaye ta ce, "Allah ya jiƙan mai tafiyar hawainiya. Ban taɓa ganin bawan Allahn nan ya ɗaga ƙafa da sauri ba, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya." Wani abokin karatuna na da, wanda ya zo daga unguwar Bani Malik tumbinsa na gaba yana biye, ya yi dariya a inda bai kamata ba. Ya ce, "Hajiya, ke dai ba ki je kallo ba ne. Ni na ga mutumin nan ya wuce 'yan sanda kamar an tsayar da su da ƙusa." Jikokin Kawu, da suke jin Hausa amma bakinsu ya fi sakewa da Larabci, suka kalli juna. Babban cikinsu ya ce, "Jaddi? Gudu? Mustahil, ya ammi," wato kakansa da gudu, ba zai yiwu ba.

Don su nake wannan rubutu. Raina ya ɓaci da na ga mutum zai iya shafe tsawon rayuwa a cikin gida, jikokinsa ba su san abin da Allah ya fi ba shi ba.

A shagonsa na guga akwai hoto guda a bayan ƙofa, inda sai ka rufe ƙofar kake ganinsa. Samari ne a jere, cikin singileti da gajeren wando, ƙafafu babu takalmi, kowa ya ɗaure fuska kamar an ce wanda ya yi murmushi za a kora. 'Yan tseren ratsa daji ne na wata kwalejin horon malamai a can Arewacin Najeriya, a farkon shekarun hamsin. Kawu ne na gefe, siriri, kunnuwa a baje. In ya ga dama yakan bi su da yatsa yana faɗa mana su. Ga dogon nan ɗan Fulani da ba ya haki. Ga gajeren da ke kuka duk ranar tsere, amma bai taɓa tsayawa ba. Ga wanda ke sace rogon mutane a hanya yana ci yana gudu. Ba a fili mai layi suke tserensu ba. Ta cikin gonaki ake bi, a tsallake kunyoyi, a ratsa fadama, a faɗa rafi a fito da laka har ƙugu, ƙarangiya ta yi wa mutum ado a ƙwauri.

Suna da wata al'ada da ba Baturen kwalejin ne ya koya musu ba, su suka ɗora wa kansu. Wanda ya iso ba ya shan ruwa. Juyawa yake yi ya koma ya tari na ƙarshe a cikinsu, ya jera da shi. Ba zai taɓa shi ba, don in ka taɓa ɗan tsere an soke shi daga tseren ke nan. Sai dai ya yi ta numfashi da ƙarfi kusa da kunnensa, na bayan ya kama wannan numfashin ya bi, har su shigo tare. Sannan kowa ya sha. Kawu yakan ce, "Tsere ba ya ƙarewa da na gaba. Sai na baya ya shigo."

A ƙarshen shekarun hamsin ya rako kakarmu aikin hajji ta ƙasa, ta Sudan, tare da mahaifiyata tana budurwa. An sauke farali lafiya, sai ciwo ya kama tsohuwa suna jiran jirgin ruwa a Jidda, a nan ta cika, a nan aka binne ta. Kawu ya ce zai ɗan zauna kwana biyu kusa da kabarin. Jirgi ya tashi ya bar shi, takardar alhazai ta ƙare, mahaifiyata ta auri Baba, wanda haifaffen Jidda ne mai cikakkun takardu. Kwana biyun Kawu ba su ƙare ba sai da hantsin nan.

Tun daga lokacin ya hana ƙafarsa gudu. Ya zaɓi sana'ar wanki da guga don aikin cikin ɗaki ne, daga kai sai dutsen guga da gawayi. In zai fita sai ya rataya gogaggiyar jallabiya a hannu, ko da ba ta kowa ba ce, don wanda ya gan shi ya ce kai aiki zai yi. In motar 'yan sanda ta taho ba ya kallon ta, ba ya kuma kau da kai, wata tafiya yake yi ta mutumin da babu abin da ke gabansa. Na sha ganin motar haya ta tashi ta bar shi saura taku kaɗan, ya tsaya ya jira wata. Muna yara mukan tsokane shi mu ce Kawu ƙwai yake takawa. Sai ya ce, "Sannu ba ta hana zuwa." Da na girma ya faɗa mini sauran maganar. Ya ce, "Ɗana, a garin nan in baƙin mutum yana gudu, tambaya biyu ake yi. Me ya ɗauka, ko wa ya biyo shi."

Yana da wani hali da Inna ta yi ta mita a kai har ta gaji. Duk sabon zuwan da zai fita neman aiki, Kawu zai karɓi rigarsa ya wanke ya goge kyauta. Yakan ce da mutum, "Takarda ba ka da ita. To aƙalla kada rigarka ta tona maka asiri."

A shekarun saba'in ni da ƙanena muna karatu a wani ma'ahadin horon malamai a nan Jidda. Malamin wasanninmu, wani Bamisire mai usur a wuya, ya zaɓe mu cikin 'yan tseren ratsa daji tare da wasu 'yan unguwa, ya ce mu riƙa motsa jiki da kanmu kafin gasar makarantu. Mu da ba mu da hankali, wata safiya muka sa gajerun wanduna muka shigo Nuzla a guje, mu duka, ta babban lungu.

Ban taɓa ganin unguwa ta watse irin na ranar ba. Mutane suka ga samari baƙaƙe a guje, babu wanda ya tsaya tambaya. Wani ya ce, "Jawazat," wato masu kamen marasa takarda, sai kowa ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Maƙwabciyar nan mai gyaɗa, lokacin da sauran ƙarfinta, ta yar da tire, maza suka dinga haura katangun kwano, wani tela ya shige cikin duro ya ja murfi. Mu kuma da muka ga kowa na gudu sai muka ɗauka da gaske wani abu ne ya biyo mu, muka ƙara mai. Yanzu abin dariya ne. A ranar akwai matar da ta kwana ba ta ga mijinta ba, don bai yarda ya dawo ba sai washegari.

Da yamma Kawu ya aiko a kira ni. Na same shi yana hura gawayi, bai ɗago ba.

"Ka san inda na ɓuya yau?"

Na ce a'a.

"Ƙarƙashin kayan wankin mutane. Da girmana." Na rasa inda zan sa kaina. Can ya ce, "Amma kafin in shige na leƙa ta kafar kwano. Kana dira da dunduniya kamar mai kirɓa sakwara. Ƙanenka kuma bakinsa a buɗe, zai haɗiye ƙudajen Nuzla kaf. Wa ke koya muku wannan abin kunya?"

Haka ya zama mai horar da mu. Kowace Juma'a bayan asuba mukan hau bayan motar wani maƙwabci da ke kai kaya wajen Khumra, lokacin babu komai a can sai fili da gishiri da iska mai ɗanɗanon teku. Kawu ya kafa lema ya tsaya. Ya koya mana yadda ake taka yashi da gaban ƙafa, yadda ake rage taku a hawa, yadda ake numfashi ta hanci har sai wuya ta yi wuya. "Ba ƙafa ke gudu ba," in ji shi, "numfashi ne. Ƙafa rakiya take yi." Ya kuma ɗora mana dokar ruwa. Tulun yana gindin lemarsa, babu mai taɓa shi sai na ƙarshe ya shigo, na ƙarshen kuwa kusan kullum ƙanena ne.

Duk wannan da baki yake yi, ko taku ɗaya bai taɓa nuna mana ba. Wata rana na ce, "Kawu, nan fa babu kowa. Ka ɗan gwada mana mana." Ya duba gabas ya duba yamma, babu ko tsuntsu, amma ya girgiza kai. Ya ce, "In na tuna mata yau, ran da na ga mota za ta yi da kanta ba tare da ta shawarce ni ba." Na ji tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin garin da aka haife ni a ciki.

Da Baba ya ji labari ya tafi shagon da kansa, ni ina biye ina roƙon Allah. Baba mutum ne mai tsoron abin da zai je ya dawo, kuma yana da gaskiyarsa.

"Yaya, kai ba ka da takarda, ka tara samari a fili kana ba su umarni kamar hafsa. Ido zai dawo kanka. In aka ɗauke ka, me zan ce da ƙanwarka?"

"Ka ce da ita na koya wa 'ya'yanta numfashi."

"Wannan ba amsa ba ce. Halas, ya isa, ka bar su. Makaranta tana da malaminta."

Kawu ya ajiye dutsen guga ya ce, "Alhaji, ka bar ni da abu ɗaya mana. Garin nan ya karɓe mini aikin malanta, ya karɓe mini ƙafa. Bakin ma kana so in ba shi?"

Baba ya fita bai yi sallama ba. Salla ta zo ta wuce ba su gaisa ba sai ta bakin mahaifiyata, ita kuma ta rame a tsakaninsu. Abin da kawai ta iya samu daga wurin Kawu shi ne alkawarin ba zai je wurin gasa ba, don kowa ya san ranar gasa 'yan sanda ne ke tsaron hanya.

An yi gasar a bayan Bani Malik, inda a lokacin gidaje ke ƙarewa kwari ya fara, yashi da tsakuwa da itatuwan ƙaya. Makarantu sun taru, an kafa tutoci, 'yan sanda a jere a bakin igiya, motarsu a gefe. Muna shirin tashi na hango lema a bayan 'yan kallo, da gogaggiyar jallabiya a hannu. Gabana ya faɗi. Na duba ɗaya gefen kuma sai ga Baba, shi ma ya zo a ɓoye, yana kallon lemar nan ba ya kallonmu. Da wannan faɗuwar gaba na yi tseren, ban ma san ta inda na bi ba.

Na shigo cikin na tsakiya. Duk wanda ya iso sai a tura shi cikin wani shingen igiya a ba shi lambar matsayinsa, malaminmu Bamisire yana ta faɗa cewa wanda ya fita kafin a gama ƙirga an zubar da makin makaranta. 'Yan ƙungiyarmu suka shigo ɗaya bayan ɗaya, aka miƙo mana ruwa, babu wanda ya karɓa. Saura ƙanena. Rana ta take, 'yan tsere suka ƙare, sai can nesa a cikin kwari muka hango wani ɗigo yana tangaɗi. Ya bar layin tutoci, ya nufi wajen duwatsu inda babu kowa. Zafi ya juya masa kai. Na kama igiya zan tsallake, wani ma'aikaci ya riƙe ni ta baya, ina ta kiran sunan ƙanena, muryata ba ta kai ko'ina ba.

Sai na ga lema a ƙasa. Kawu ya ajiye jallabiyar a kanta, ya tuɓe takalmi, ya tattare rigarsa ya cusa a wando. Na ce a raina, ya Allah kada ya yi. Ya sunkuya ta ƙarƙashin igiya, a gaban 'yan sanda, ya tashi.

Ban san yadda zan kwatanta wa jikokinsa ba. Mutum mai furfura a gemu, wanda muka sani da taka ƙwai, kansa bai ko motsi, kafaɗu a sake, ƙafafun kamar ba sa nutsewa a yashin da ya cinye mu. Wani askari cikin 'yan sandan ya daka masa tsawa, "Waggif! Waggif ya hajj!" wato ya tsaya. Bai waiwaya ba. Na dubi Baba, na ga ya ɗora hannu biyu a ka.

Ya cim ma ƙanena, ya sha gabansa ba tare da ya taɓa shi ba, ya karkato da shi zuwa layin tutoci, ya jera da shi. Da suka matso muna jin numfashin Kawu, da ƙarfi, a tsare, ƙanena yana bin sa kamar makaho da ɗan jagora. A bakin layi Kawu ya ja baya ya bar shi ya shiga shi kaɗai. Mutane suka yi ta tafi, ni kuwa ban tafa ba, don na ga askarin nan yana tahowa.

"Iƙama."

Kawu bai yi ƙarya ba, bai lalubi aljihu ba. Ya ce da Larabcinsa mai kaurin Hausa, "Ma fi, babu. Amma ka bari in sha ruwa tukuna, yaran nan ba za su sha ba sai na sha." Askarin ya dube mu, samari a tsaye leɓuna a bushe kowa ya ƙi karɓar kofi. Shi da kansa ya ɗebo ya miƙa masa. Kawu ya ba ƙanena ya fara sha, sannan ya sha, sannan muka sha. Daga nan aka sa shi a mota.

An kai shi inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu, kusa da tashar jiragen ruwa. Kwanakin nan ba na son tuna su. Inna ta haɗa masa akwati ta kwance, ta sake haɗawa. Duk jirgin da ya yi kuka daga teku sai mahaifiyata ta miƙe tsaye. Ƙanena ya daina cin abinci. Da aka bar ni na gan shi ta bayan shingen waya, bai tambayi shago ba, bai tambayi kowa ba, cewa ya yi, "In sun tafi da ni, ka riƙa zuwa wurin tsohuwa ranar Juma'a. Kada ta ga babu kowa."

Baba bai ce ai na faɗa ba, ko sau ɗaya. Yana aiki a wurin wani tsohon attajiri mai sayar da yadi a kasuwa. Baba, mutumin da bai taɓa roƙon ko hutun yini ba, ya je ya zauna a bakin kantin a ƙasa, ya ce ba zai tashi ba sai maigidan ya yarda ya zama kafilin surukinsa, wato mai tsaya masa ya samu iƙama. Aka kore shi ya dawo, aka yi masa faɗa ya dawo. Daga ƙarshe tsohon ya gaji ya ce, "Yalla, tashi, ka kunyata ni a gaban kasuwa," ya sa mayafinsa suka tafi tare. Yadda aka yi a can ban sani ba. Na dai san wata la'asar Kawu ya shigo lungu da tafiyarsa ta hawainiya, Baba na gefensa.

A tsakar gida suka zauna. Can Baba ya ce, "Ashe haka kake gudu, Yaya?"

Kawu ya ce, "Wannan ai saura ne. Da ka gan ni a fadama."

Iyakar sulhun ke nan, kuma ya riƙe su har Baba ya rasu.

Kada wani ya ɗauka takarda ta cire masa tsoro. Duk lokacin sabuntawa sai ya rame. Bai sake gudu ba, ko sau ɗaya. Attajirin ya rasu, 'ya'yansa suka riƙe shi na wani lokaci, sannan kantin ya rufe kowa ya kama gabansa, iƙamar ta mutu a hannun tsoho da ba ya iya zarya. Ya koma rataya jallabiya a hannu, alhali ya daɗe da daina guga. A shekarunsa na ƙarshe in an ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi sai ya kama hannun Inna. Ya sha ce mini, "Na kusa layi, ɗana. Kada dai a fitar da ni daga fili saura kaɗan."

Wannan maganar ce ta yi ta yawo a kaina muna zaune a kujerun makoki, yini ya wuce, wani ya biyo. Ƙanena yakan fita da sassafe ya dawo da yamma, fuska a murtuke, an ce ya kawo shaidar asibiti, an ce ya kawo ta mai unguwa, an ce wanda zai sa hannu ya tashi. Inna ta daina tambaya da baki, sai dai ta dubi hannunsa. Ni kaina na fara shirya yadda zan gaya mata in abin ya ƙi.

Ran da ta fito, ana gab da la'asar ya shigo lungu, rigarsa sharkaf da gumi, ya ɗaga takardar sama. A lokacin ne kukan da muka riƙe ya ɓalle a cikin gida.

Aka yi masa wanka, aka sallace shi a masallacin da ke kusa da maƙabartar da kakarmu take. Mutanen garin nan in sun ɗauki makara ba sa wasa, sauri suke yi kamar yadda sunna ta ce, kafaɗa na karɓa daga kafaɗa. Samari suka ɗauka suka zabura, mu tsofaffin 'yan tsere muna haki a baya. Abokina na Bani Malik ya ce mini cikin haki, "Ka ga Kawu, yau a guje a titin Jidda." Wata motar 'yan sanda ta tsaya ta ba mu hanya. Na kalle ta da kyau, abin da Kawu bai taɓa yi ba.

Mun isa bakin kabari, masu haƙa sun shirya, wani yana cewa, "Yalla ya jama'a, bismillah." Na duba fuskoki, babu ƙanena. Na waiwaya, can bayan ƙofar maƙabarta na hango shi shi kaɗai, yana dogara sanda, yana taku yana tsayawa. Zaryar kwanakin nan ta gama da gwiwoyinsa.

Na ce, "Ku dakata."

Liman ya ce, "Alhaji, ba a jinkirta mamaci."

Na ce, "Gafarta Malam, ba jinkiri ba ne. Akwai na baya."

Ban kira kowa ba, amma da na juya sai na ji takun abokina a bayana, da na sauran da suka rage a cikinmu. Muka koma muka jera da shi. Wani jikan Kawu ya miƙa hannu zai tallafe shi, ƙanena ya ce, "La, kada ka taɓa ni." Na matsa kusa da kunnensa ina numfashi da ƙarfi, da ɗan abin da ya rage mini, ya kama ya bi. Haka muka shigo.

Shi ya sauka cikin kabarin, da taimakon samari, ya karɓi Kawu ya kwantar da shi, ba nisa da inda tsohuwarsa take. Aka rufe, aka yi addu'a. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci, ya sa ya iske waɗanda suka riga shi suna jiransa a bakin layi.

A bakin ƙofa wani yana raba ruwa. Tun fitowarmu daga masallaci yake miƙo mana muna wucewa. Na karɓa na ba ƙanena ya fara sha, sannan muka sha.